Rumfar Hoton da Na Kafa a Ƙofar Makaranta

Litinin, 8:40 na safe

Bari in fara da abin da ba wanda zai iya musantawa.

A aji huɗu na bar sakandare, kuma ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Ba wanda ya koya mini ɗaukar hoto. Kyamarata ta farko tsohuwa ce mai tsagaggen murfi, ni na kwance ta na gyara da allura da ɗan sukudireba. Ɗakin wankin hotona na farko banɗakin gidan haya ne, na toshe tagarsa da bargo. Shagon nan da nake zaune, a bayan kwali na zana shi, na tsaya a kan magina har suka ɗora rufi. 'Ya'ya huɗu na kai makaranta, duka sun gama. Da zamanin fim ya wuce, masu hoto shida suka rufe a layin nan, ni kuwa na sayi kwamfuta na koya wa kaina da yatsa ɗaya. Ba kawu, ba yaya, ba wani babba da zai ce ya ɗaga ni.

Kuma shekara ashirin da takwas ni nake ɗaukar hoton kowane aji da zai fita daga makarantar bayan tasha. Tun tana ɗaki uku da bishiya ɗaya.

Jiya tela maƙwabcina ya kawo mini ɗan littafin da makarantar ta buga don cikarta shekara talatin. Jikarsa ce ta zo da shi. Na buɗe, na ƙirga. Hotunana sittin da uku. Na juya bangon baya, an rubuta "Dukkan hotuna daga", sai sunan shagon Ƙafa-uku.

Ƙafa-uku. Ni na sa masa wannan sunan, don shekara tara yana bina da ƙafafun kyamara a kafaɗa kafin in bar shi ya taɓa maɓalli. Yanzu ya haura arba'in, ya yi tumbi, ya buɗe shago mai gilashi a babban titi.

Asabar ta uku daga yau za su yi taro. Za su rataye hotunan a babban ɗaki, daga baya kuma su kafa allo mai sunayen waɗanda suka yi wa makarantar hidima. Na tambayi tela ko sunana na ciki. Sai ya kama neman almakashinsa.

Litinin, 4:15 na yamma

Ƙafa-uku ya kira. Ban ɗauka ba.

Talata, 7:30 na safe

Uwar yara ta ce, "Ka je ka sami shugabar mana. Matar nan shekararta biyu kacal a makarantar, ina za ta san ka?"

Na ce in je in yi me? In roƙi abina?

Ta ce, "To ka ɗauki wayar yaron."

Yaro. Mutum da furfura a gemu har yanzu yaro ne a wurinta, don ya taɓa cin abinci a kicin ɗinta.

Shayi ya zube mini a riga. Teburin nan ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, na sha faɗa.

Laraba, 6:50 na yamma

Auta ta biyo daga wurin aiki. A cikin hira take cewa a ofishinsu an kawo wata rumfa ranar da suka yi wa wani ma'aikaci bankwana. Mutum ya shiga, ya danna, allo ya ƙirga uku, biyu, ɗaya, ya ɗauki hoto huɗu a jere, firinta ta fitar nan take. Ba mai riƙe kyamara. Ta ce layin har waje, mai hoton da suka ɗauko yana tsaye shi kaɗai kamar an aiko shi.

Na ce ta maimaita wannan na ƙarshen.

Ta ce, "Baba, me kake ƙullawa?"

Na ce ba komai.

Ta ajiye wata takardar asibiti a kan firij, ta ɗora kofi a kai. Wai Laraba mai zuwa ƙarfe goma, za ta zo ta ɗauke ni. Na ce ina da aiki.

Alhamis, 9:05 na safe

Ga shirin, in rubuta shi don kada in sassauta.

Ƙafa-uku ne zai ɗauki hotunan iyaye da tsofaffin ɗalibai ranar taron. Ya sayi sabon labule, an ce har da fitilu masu lema. Ni kuma zan kafa rumfa a bakin ƙofa, ta waje, inda ƙasar ba ta makaranta ba ce. Kyauta. Duk wanda ya zo sai ya wuce ta gabana kafin ya isa gare shi. Kuma a ƙasan kowace takarda da za ta fita, sunana zai kasance, da shekarun da na yi. Kowane gida a unguwar nan zai liƙa sunana a bango.

Zai tsaya da lemarsa yana korar ƙuda. Ina so in gani da idona.

Alhamis, 3:30 na yamma

Na nemi manhajar rumfar hoton a intanet da kaina. Shafin farko maɓallan saukewa huɗu gare shi, duk koraye, duk suna ƙyaftawa. Na danna mafi girma. Abin da ya shigo ba rumfar hoto ba ce, wani shirme ne da ke ta faɗa mini kwamfutata na da cuta dubu. Awa biyu na yi ina fitar da shi. Ya shiga sau biyu ma, don maus ɗin nan idan na danna sau ɗaya sai ya danna biyu.

Maus ɗin ne. Zan sake wani.

Juma'a, 11:20 na safe

Na samu ta gaskiya. Maɓallin saukewarta ƙarami ne, a can ƙasa, ba ya ƙyaftawa. Na karanta kowane shafi kafin in ce na yarda, na cire alamar da suka saka a kan wasu tarkacen da ban nema ba. Ta zauna lafiya.

Kyamarar kwamfuta kuwa akwai wadda babban ɗana ya bari a durowa, mai kama da ƙwallon ido. Na soka kebul ɗin, na buɗe manhajar. Baƙin allo. Na cire, na hura ramin, na mayar. Baƙin allo. Ashe kwamfutar ce ke son a ba ta izini kafin ta bar manhaja ta yi amfani da kyamara. Izini! A shagona! Na nemo wurin a cikin saiti na kunna.

Sai ga wani tsoho a allo, kore-kore, hancinsa ya cika rabin fuska.

Tela ya leƙo ya ce, "Mai hoto, wane ne wannan? Ka kira 'yan sanda."

Na ce ya koma kan kekensa kafin in ɗauke shi in liƙa a ƙofa.

Juma'a, 5:00 na yamma

Ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba.

Asabar, 10:10 na safe

A nan ne ake gane wanda ya san aiki da wanda ya sayi lema. Kyamarar ba ta da laifi, haske take nema. Na ja ta baya taku biyu, na ɗora ta daidai tsayin ido, hanci ya koma girmansa. Na kashe fitilar sama mai sa mutum kore. Na kawo fitilu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, na rufe kowace da farin ƙyalle daga ragowar yadin tela. Fuska ta fito kamar ta mutum.

Akwai wurin da ake hana ta juya hoto kamar madubi. Na gyara shi, in ba haka ba duk rubutun da ke jikin riga zai fito a birkice. Ƙirgen na mayar da shi biyar, don mutanenmu ba sa shirya fuska a cikin uku.

Wannan Ƙafa-uku bai sani ba. Ko ya sani, a wurina ya gani.

Lahadi, 1:45 na rana

Uwar yara ta ɗauko maganar bara. Ban tambaye ta ba.

Hoton aji shida na bara matsalar haske ce. Hadari ya haɗo, kowa ya gani. Iyaye biyu uku ne suka yi ta surutu wai fuskoki sun fito biyu-biyu, sai maganar ta yi girma.

Ta ce, "Yaron ne fa ya je ya sake ɗauka, bai gaya wa kowa ba, ya kai musu a cikin ambulan ɗinka. Asirinka ya rufa."

Na ce da ambulan ɗina ya shiga, da makarantata ya fito.

Ta ce, "Baban Auta, ni da kai mun san ba hadari ba ne, hannunka ne."

Na fita. Na zauna a shago, ko da yake Lahadi ce.

Litinin, 9:00 na safe

Sabon maus. Shi ma haka yake yi. Kayan yanzu duk ɗaya ne.

Talata, 2:20 na rana

Yau na yi babban aikin. A cikin manhajar akwai inda ake tsara takarda: gurbin hoto huɗu, da ɗan fili na rubutu. Na ƙara wa guraben girma, don ba na son ƙananan fuskoki, ban taɓa so ba. Filin rubutun ya matsu zuwa can gindin takarda, amma ya isa layi ɗaya. Na rubuta sunana cikakke, da na mahaifina, sannan "mai hoton wannan makaranta shekara 28".

Na buga gwaji a farar takarda. Ba na ɓarnar takardar hoto mai sheƙi a kan gwaji, tun zamanin fim haka nake. Ya fito tsaf. Na karanta shi sau biyar.

Na ɗauki gwajin na riƙe a gaban kyamara don in ga ko rubutu ya daina juyawa. Hoto huɗu. Fuskata ta fito garau a duka huɗun. Takardar ce ba ta fito ba, ita da abin da ke riƙe da ita.

Na goge su.

Laraba, 10:35 na safe

Auta tana ƙofar gida tana ta hon, in ji uwarta a waya. Ina shago. Ina da aiki.

Laraba, 6:30 na yamma

Ta zo shagon. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta zauna a kujerar kwastoma tana kallona ina ƙoƙarin saka kebul a rami. Sau huɗu. Ramin a lungu yake.

Ta ce, "Kawo, Baba."

Na ce na iya.

Ta ce, "Na san ka iya."

Ta canza ranar zuwa Laraba ta bayan taron. Ta ce wannan karon da ƙafa za ta zo, ta kwana a gida.

Alhamis, 12:00 na rana

Tela ya ɗinka labulen, shuɗi mai duhu, ya ƙi a yi maganar kuɗi. Ya ce ladansa kawai a bar shi ya zama mai miƙa wa mutane hotunansu, wai yana son ya ga matan da suka ƙi shi shekara talatin da suka wuce yadda suka koma.

Na yanka kwali na rufe dukkan maɓallan kwamfutar, na bar rami ɗaya a kan dogon maɓallin nan na ƙasa. Na sa tela ya rubuta DANNA NAN da jan alƙalami. Rubutunsa ya fi girma, shi ya sa.

Ya ce, "Wai duk wannan don mutum ɗaya?"

Na ce don mutum ɗaya, e. Ni.

Asabar, 4:40 na yamma

Saura mako guda. Na wuce ta babban titi, ba don komai ba, hanya ce. Ƙafa-uku ya liƙa littafin makarantar a gilashin shagonsa, a buɗe a shafin hoton shekara ta uku. Hoton da na hau kan tankin ruwa na ɗauka, na sauko da tsagaggen wando.

Ya hango ni. Ya fito da sauri yana "Maigida! Maigida!" Na tsallaka titi.

Zai gane kurensa.

Litinin, 8:15 na safe

Mai kantin littattafai da ke kallon ƙofar makarantar ya yarda in ja wuta daga wurinsa. Shi ma ni na ɗauke shi, aji na tara da suka fita, yana layin gaba da kunnuwa kamar faranti. Ya tuna. Akwai masu tunawa.

Laraba, 3:10 na yamma

Kira na tara. Ban ɗauka ba.

Juma'a, 7:00 na yamma

Komai na cikin kwali. Takarda mai sheƙi fakiti biyar, tawada sabuwa, doguwar waya. Na goge takalmi. Uwar yara ta yi mini guga, da ta zo rataye rigar ta ce, "Allah ya sa abin da kake nema ne za ka samu."

Asabar, 5:50 na yamma

Ba zan rubuta yau ba.

Lahadi, 6:20 na safe

Ba tukuna.

Lahadi, 11:30 na safe

To. In rubuta yadda ya faru, don kada wani ya rubuta mini.

Ƙarfe takwas mun kafa. Na zuba takarda mai sheƙi a firinta, na gaya wa kwamfuta an sauya takarda, na ajiye firintar a bayan labule wurin tela. Wata tsohuwa ce ta fara shiga da jikokinta uku. Da allo ya fara ƙirge sai ta ce, "Wa yake ƙirga mu?" Yaran suka fashe da dariya, hoton ya kama su a haka. Kafin ƙarfe tara da rabi layi ya kai kwanar titi. Manya masu manyan motoci suna cusa kai cikin labule su biyar-biyar suna gwalo kamar 'yan aji ɗaya. Manhajar ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Hasken kuwa, ko a shago ban taɓa samun irinsa ba.

Ni ina tsaye a inda nake hango cikin harabar. Ƙafa-uku yana can ƙarƙashin bishiya da lemominsa biyu, da kujera mai kyau, ba kowa a kai. Ya gyara labule. Ya duba waya. Ya sake gyara labule. Awa uku ban ɗauke ido daga kansa ba. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, ba zan ɓoye ba.

Wajen sha ɗaya ya taho ya shiga layi kamar kowa. Ya shiga, ya danna, ya fito, tela ya miƙa masa. Ya duba takardar, ya dube ni.

Ya ce, "Maigida, hasken nan naka ne, ko a ina na gan shi zan gane. Amma ka duba ƙasan…"

Na ce ban yi magana da kai ba.

"Maigida, minti ɗaya, ƙasan takardar…"

Na juya masa baya. Na ji daɗin hakan ma.

Ƙarfe ɗaya lasifika ta fara jawabi daga ciki. Shugabar makaranta tana gode wa mutane ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji ta ce, "Da kuma mai hotonmu, wanda bayan aikin littafi ya kafa mana rumfa kyauta a bakin ƙofa." Ta kira sunansa. Aka yi tafi. Ta cikin ƙofa na hango shi ya ɗan ɗaga hannu.

Na shiga bayan labule na fizge takarda daga hannun tela.

Fuskoki huɗu, manya, kyawawa, har bakin takarda. Babu fari a gefe. Babu layin ƙasa. Idan ka ƙura ido za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe a can gindi, kawunan haruffa ne.

Idan aka ce wa firintar nan takarda mai sheƙi ce, sai ta buga har baki, ta ɗan faɗaɗa hoton ta yanke gefe. Na san wannan. Shekara goma sha biyu na san wannan. Ni na koya masa cewa ba a miƙa wa mutum hoto sai an duba kusurwa huɗu.

Takarda ɗari biyu da goma sha bakwai suka fita a haka.

Na ce wa tela, kai ba ka gani ba? Ya ce, "Ni fuskokin nake kallo, mai hoto. Ba ka ce in karanta ba."

Litinin, 9:30 na safe

Ban buɗe shago ba.

Talata, 4:00 na yamma

Wata mata ta tare uwar yara a hanya ta nuna mata hoton rumfar, tana cewa yaron nan da maigidanki ya koya wa aiki ɗan albarka ne.

Na buɗe kwamfuta na shiga inda manhajar ke ajiye hotuna. Duk suna nan, da sunana a ƙasan kowanne, a cikin kwamfutar da ba mai gani sai ni. Na nemo nasa. A na farko yana kallon kyamara. A na biyu yana kallon fitilar dama, a na uku ta hagu, yana nazarin yadda na ɗaura ƙyallen. Har yanzu sata yake. A na huɗu ba kyamara yake kallo ba, ya juya wajen da nake tsaye.

Na kai maus kan gogewa. Ya ƙi tsayawa a wurin. Na bar shi.

Laraba, 2:15 na rana

Na je inda Auta ta ce. Ba zan rubuta komai a kai ba.

Alhamis, 8:00 na safe

Na sauko da kwalaye uku daga saman kabad. Negatif, wato wankakken fim, na shekara goma sha shida, kowace shekara a ambulan ɗinta, da sunan aji da rana da rubutuna na da. Sauran shekarun a faifai. Rubutuna na da kyau ne ƙwarai, na manta.

A bayan kowane hoto da na kai makarantar nan akwai hatimina. Su suka shafa gam a kai suka manna a kwali. Laifina ne?

Juma'a, 1:10 na rana

Tela ya ɗauki kwali biyu, na ɗauki ɗaya. Muka shiga ofishin shugabar ba tare da an yi mana iso ba, muka jibge a kan teburinta. Ta miƙe.

Na ce, Malama, zaɓi shekara.

Ta ce, "Baba, lafiya?"

Na ce zaɓi shekara, kowace.

Ta zaɓi ta bakwai. Na ce tela ya zaro ambulan ɗin ya ɗaga negatif ɗin a taga. Na faɗa mata ba tare da na duba ba: yara talatin da ɗaya, malami ɗaya ya rufe ido, akwai akuya a kusurwar hagu da na hana a kora don yaran suna dariya. Ta buɗe littafinta ta duba. Ta daɗe tana kallon akuyar.

Ta aika a kira Ƙafa-uku. Yana babban ɗaki yana sauke hotunan daga bango. Ya shigo da ƙusa a hannu, ya ga kwalayen, ya rusuna ya gaishe ni. Ban amsa ba.

Ya ce shi aikinsa kawai ya ɗauki tsofaffin hotunan ya gyara su a kwamfuta. Ya ce mai buga littafin ne ya sa sunan shagon da ya kawo fayil, kuma sai da aka buga ya gani. Ya ce kiran da yake ta yi, so yake ya tambaye ni yadda nake son a rubuta a gyara.

Na ce na ji. To ranar Asabar da aka tafa maka, me ya riƙe bakinka? Hannunka dai na ga ya tashi.

Ya kalli ƙusar da ke hannunsa. Shugabar ma ta jira, bai ce komai ba. Wannan shirun na zo nema, kuma na samu.

Ta ce littafi ya riga ya fita, ba yadda za ta yi da shi. Amma allon ba a kai wa mai sassaƙa ba tukuna, kwamiti zai zauna Alhamis ya tabbatar da sunaye, ba ita kaɗai ke yankewa ba. Ta turo mini farar takarda da biro. "Baba, rubuta sunan yadda kake so ya fito, in kai musu."

Biron yana nan a gabana. Mutum uku suna kallo. Hannuna na dama yana aljihu tun da muka ajiye kwalaye.

Na ce ni ba zan rubuta ba. Shi ya cire, shi zai mayar.

Tela ya yi tari. Ƙafa-uku bai dubi aljihuna ba, ko sau ɗaya, ya yi ta kallon teburin kamar an rubuta wani abu a kai. Ya ajiye ƙusar, ya ɗauki biron, ya rubuta. Da manyan baƙaƙe, da sunan mahaifina, har da na tsakiyan da ba kowa ya sani ba. Ya juyo da takardar ta fuskance ni, yadda na koya masa a nuna wa kwastoma aiki.

Na duba kusurwa huɗu. Na ce ya yi.

Ban yafe ba. A rubuta wannan ma.

Asabar, 9:25 na safe

Auta ta zo da biro, ta ce in faɗa ta rubuta wasiƙar kwamitin. Na ce sai na tsara a nan tukuna. Ta ce in sassauta harshe, roƙo ake yi. Ba roƙo nake ba.

Ga abin da za a gaya musu ranar Alhamis.

Ba na son takardar yabo, ba na son kujera a gaba, ba na son a kira ni a tafa mini. Kada a cire nasa, a bar shi, amma a ƙarƙashin nawa, kuma a rubuta abin da ya yi: ya gyara. Ni na ɗauka. Kada a rubuta "da sauransu". Kada a rubuta "wani tsohon mai hoto". Kada a taƙaita sunan mahaifina zuwa harafi ɗaya don a sami wuri, a ƙara wa allon faɗi. A sassaƙa shi a cikin katakon, ba fenti ba, kuma a tsakiya, nesa da baki.

Shekara ashirin da takwas, har da bara. Bara ma na je, na tsaya, na ɗauka.

Ku rubuta sunana.